Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan uwana Hausawa direbobin tasi a Ingila, kan maganar karen makafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa manya da ƙanana, na Landan da na Birmingham da Manchester da Leeds da duk inda neman abinci ya jefa mu a ƙasar nan, masu minikab da masu karɓar aiki ta waya, ina gaishe ku, Allah ya tsare mana hanya ya kawo kasuwa mai albarka.

Maganar da zan yi na san ba kowa zata yi wa daɗi ba, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akan ɗabi'ar nan ne da wasun mu suke yi, ka karɓi aiki, ka tafi ɗauko fasinja, kana karyo kwana ka hango mutum tsaye a bakin titi da kare sanye da ɗamara a gefensa, sai ka taka mota ka wuce kaman baka gan shi ba, ka je gaba ka danna kansel. Wasu ma har tsayawa suke su sauke gilashi suce masa shi dai ya shigo amma banda karen. Shi kuma bawan Allah nan baya gani amma ai yana ji, ya ji mota ta rage gudu, ya ji ta sake tashi, ya san me ya faru don ba yau aka fara masa ba. Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shine naji ana ba da irin wannan labarin a zaman shayin mu ana dariya, har wani yana cewa shi motar da yake ajiye dardumar sallarsa a ciki kare bazai taɓa shiga ba. Babu wanda ya tanka masa. To ni zan tanka, a nan, inda kowa zai gani.

Bari in fara da karen kansa, sabida yawancin mu in aka ce kare abin da ke zuwa mana a rai shine na gida, wanda ke bin bola, kunne duk ƙuda, yara na jifansa, wanda iyayen mu suka ce mu gudu in mun gan shi don kar ya zama mahaukaci ne. Tsoron nan ba na banza bane, duk wanda ya taɓa ganin yadda ciwon haukan kare ke kashe mutum ba zai yi wasa da cizo ba. Amma a ƙasar nan tun 1922 rabon da a samu ciwon yana yawo a tsakanin karnukan gida, kuma shi wannan da kake gani tsaye kusa da makaho likitan dabbobi yana duba shi akai akai, ana masa riga-kafi, ana ba shi maganin ƙuma da tsutsar ciki, ana taje masa gashi, wallahi wani fasinjan da muke kwasowa daga mashaya daren Asabar bai kai shi tsabta ba, kuma shi muna ɗaukarsa ba musu har mu wanke aman da ya bar mana a kujera.

Ƙungiyar da ke horar da mafi yawan su sunanta Guide Dogs, ba ta gwamnati bace, ta agaji ce, da kuɗin da mutane ke bayarwa take tafiya kuma babban kaso na kuɗin daga wasiyya yake zuwa, wato mutum ya rubuta in ya mutu a cire kaza daga dukiyarsa a ba su. Asalin abin daga Jamus ya taso lokacin yaƙin duniya na ɗaya, sojoji suka dawo daga fagen daga da yawa sun makance, aka buɗe makarantar horar da karnuka domin su a garin Oldenburg a 1916. Wata Ba'amurkiya mai suna Dorothy Eustis da ke zaune a Suwizalan ta ga abin ta yi rubutu akai, wani saurayi makaho Morris Frank ya samu labari ya bi ta har can ya dawo da karya mai suna Buddy, daga nan suka kafa The Seeing Eye a Amurka a 1929. Na nan Ingila kuma mata biyu ne suka fara, Muriel Crooke da Rosamund Bond, a Wallasey kusa da Liverpool, a 1931, da karnuka huɗu kacal. Kaga abin ya kusa shekara ɗari, tun kafin a haifi kakannin wasun mu ake yin sa, mu ne baƙi a wajen ba karen ba.

Yadda ake yin aikin shi ne ya fi ba ni mamaki. Su da kansu suke zaɓar iyayen da za'a haɗa, suna da babbar cibiya ta wannan aikin kusa da Leamington Spa, yawanci irin Labrador ne da golden retriever da kuma haɗin su biyun, sai 'yan German shepherd kaɗan, ana duba lafiyar ido da ta ƙugu da kuma hali, sabida kare mai saurin firgita ko mai zafin rai ba zai yi ba. Kwikwiyo na kai wajen sati 8 sai a miƙa shi ga wani ɗan sa kai ya tafi da shi gidansa. Mutumin nan ba albashi ake biyansa ba fa. Zai riƙe shi shekara ɗaya da 'yan watanni, ya tashi cikin dare ya fitar da shi, ya koya masa inda zai yi kashi da fitsari har ya zama sai an ba shi umarni yake yi, ya shiga bas da shi, ya shiga jirgin ƙasa, ya shiga kanti da lif da gidan abinci, ya zauna da shi a inda yara ke ihu, duk don ya saba kar wani abu ya zama sabo a wajensa. Sannan ranar da karen ya girma ya yi kyau ya shaƙu da mutanen gidan, ranar za'a zo a ɗauke shi. Na taɓa ɗaukar wata dattijuwa Baturiya da irin wannan kwikwiyon, ɗan ƙarami da shi sanye da 'yar riga mai tambarin ƙungiyar, tace min duk wanda ta raina in an zo tafiya da shi sai ta yi kuka, amma bayan 'yan kwanaki sai ta kira su tace a kawo mata wani.

Daga nan sai makaranta ta gaske, wajen wata shida a hannun ƙwararru. In kana aiki da sassafe a wasu unguwanni zaka gan su, mace ko namiji riƙe da mariƙin ɗamarar, suna tafiya suna tsayawa, suna komawa baya suna sake zuwa. Na taɓa fakawa ina jiran aiki na zuba musu ido. Karen na zuwa daidai inda hanyar ƙafa ta ƙare kwalta ta fara sai ya ja birki cak, ya tsaya yana jira, matar ta yaba masa ta ciro ɗan abu daga jakar ƙugunta ta ba shi. Suka zo inda wani ya faka mota ya haye rabin hanyar ƙafa (irin fakin ɗin da mu ma muke yi, Allah ya shirye mu), karen ya tsaya, ya duba, ya kewaye da ita ta inda faɗin zai ishi mutum biyu ba shi kaɗai ba. Wannan shi ne abin, ana koya masa ya dinga lissafi da faɗin mutumin da ke gefensa da kuma tsayinsa, reshen bishiya ko allon kanti da shi zai wuce ta ƙasa lafiya amma zai bugi mai shi a goshi, dole ya kauce masa. Ana koya masa nemo ƙofa, nemo matakala, nemo sandar da ake danna maɓallin tsallaka titi. Kuma ba shi ke karanta danja ba kaman yadda mutane ke zato, makahon ne ke sauraron motoci ya ce mu je, aikin karen shine in an ce mu je alhali ga mota nan tafe, ya ƙi. Ku duba wannan da kyau, dabba ce aka koya wa biyayya tun tana jaririya, sannan aka koya mata inda zata ƙi bin umarni don ta ceci ran mai ita. Yanzu da motocin lantarki suka yi yawa, waɗanda mu kanmu muke tuƙawa, ba ƙara ba komai, wannan ƙin da karen ke yi ya ƙara zama abin dogaro.

Ba duka ke cin jarrabawa ba, da yawa ana cire su a hanya, wani don yana son bin kyanwa, wani don ƙarar babur na razana shi, sai a nema musu wani aikin ko gidan da za'a riƙe su. Wanda ya ci kuma ba haka kawai za'a miƙa wa na farko a layi ba, sai an duba saurin tafiyar mutum, tsayinsa, irin unguwar da yake, ko yana shiga jirgin ƙasa kullum ko ƙauye yake zaune, a haɗa shi da karen da ya dace da shi, su yi makonni suna koyon juna tare da malami. Shi ya sa mutane ke daɗewa suna jira, wasu fiye da shekara, musamman bayan korona da ta tsayar da aikin na wani lokaci a 2020. Kuɗin da ake kashewa akan kare ɗaya daga haihuwa zuwa ya yi ritaya ya haura fam 50,000, ya fi kuɗin motar da yawancin mu ke ja. Zai yi aiki shekara shida ko bakwai, in ya doshi shekara 10 a duniya sai ya huta, mutumin ya koma layi.

To duk wannan wahalar ta mutane da yawa, da jiran da bawan Allah ya yi, domin ya iya fita shi kaɗai ya je aiki ko asibiti ba tare da ya roƙi kowa ba, sai ta zo ta tsaya a ƙofar motar ka. Ƙungiyar Guide Dogs ta yi bincike a 2022 ta samu fiye da kashi 80 cikin 100 na masu irin wannan karen an taɓa hana su shiga wani waje sabida shi, kantuna da gidajen abinci da motocin haya. Wani fasinja na, dattijo ne mai fara'a, ya gaya min abin da yake yi yanzu in zai je ganin likita, yana kiran mota tun da sauran lokaci mai yawa don ya san ta farko zata iya guduwa, wani lokacin har ta biyu. Yace abin da ya fi masa ciwo ba jiran bane, shirun ne, gara a tsaya a gaya masa baƙar magana ya san da mutum yake. Ban tambaye shi su waye ke gudun ba, shi ma bai faɗa ba, amma mu duka mun san su waye suka fi yawa a wannan sana'ar a garuruwan nan, kuma mun san abin da jaridun ƙasar nan suke rubutawa duk ranar da aka kai wani mai suna irin namu kotu akan haka. Basa cewa wane ya ƙi ɗaukar makaho, cewa suke Musulmi ya ƙi.

Sai mu zo kan addinin, tunda shi ake fakewa da shi. Ni ba malami bane, amma kaman yawancin ku na zauna a zaure na yi karatun littattafan da ake yi a gida, kuma mu Malikawa ne, ko an manta? A mazhabar Imam Malik duk abu mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa da majinarsa da hawayensa, kuma kare yana ciki. Yana nan a Iziyya, yana nan a Mukhtasar, wanda ya manta ya kira malaminsa na gida a waya ya tambaya. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki, Malikawa sun ce bin umarni ne na ibada, ba don karen najasa bane. Wato ko da karen nan ya goga jikinsa a wandon ka, kai Bamalike, alwalar ka na nan, sallar ka na nan. To daga ina muka samo wannan tsananin? Ina jin wani daga ƙyamar da muka taso da ita ne, wani kuma daga zama da 'yan uwan mu na wasu mazhabobin a masallatan nan. Kuma ko su ɗin, Hanafawa yawun suke cewa najasa ba gashin ba, Shafi'awa da suka fi kowa tsanantawa sun ce busasshe in ya taɓa busasshe najasa bata ƙaura. Karen da ya kwanta a wajen sa ƙafa akan roba, wace najasa ya kai kan dardumar da ke cikin but?

Alƙur'ani da kansa a Suratul Ma'ida aya ta 4 ya halatta mana cin abin da horarren kare ya kamo, da bakinsa fa, da yawunsa. Hadisin da ya yi gargaɗi akan ajiye kare ya cire na farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai sun yi ƙiyasin sauran buƙatu akan waɗannan. Akwai labarin da masu sharhin Risala suke kawowa, cewa shi kansa Ibn Abi Zaid mai Risalar katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare don tsaro, aka ce masa ai Malik ya karhanta, yace da Malik ya riski zamanin nan da zaki zai ajiye. In tsaron katanga ya isa dalili, tsaron ran mutum akan titin da bas mai hawa biyu ke wucewa fa? Na san za'a kawo min hadisin mala'iku basa shiga gidan da akwai kare, na yarda hadisi ne ingantacce, malamai sun yi saɓani ko ya haɗa da karen da aka yi izinin riƙewa ko bai haɗa ba, amma dan Allah wa yace maka ka kai shi gidan ka? Tafiyar minti goma sha biyar ce zuwa asibiti. Mafarautan mu na gida da ke cika mota da karnuka lokacin rani, da Fulanin da karnuka ke bin shanun su, ba wanda ya taɓa cewa sun bar Musulunci ko a ƙi bin su sallah.

Kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi, wanda shi ne ke hana ni sakewa in na tuna. Sura guda aka saukar akan makaho. Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya zo yana tambaya, aka ɗaure masa fuska aka juya, fuskar da shi bai ma gani ba, amma Allah ya gani ya saukar da Abasa, kuma wa aka yi wa wannan faɗan? Fiyayyen halitta, sallallahu alaihi wa sallam. Daga baya mutumin nan ya zama ladani, har ana barin Madina a hannunsa in za'a fita. Mu da muka haddace surar nan tun muna 'yan yara a makarantar allo, mu ne za mu ga makaho a cikin ruwan sama mu juya kan mota, muna cewa ai bai gan mu ba?

Akwai kuma hadisin makahon da ya zo yace bashi da mai yi masa jagora zuwa masallaci, a yi masa rangwame ya yi sallah a gida, aka tambaye shi kana jin kiran sallah, yace eh, aka ce to ka amsa. Wannan matsalar ta jagora ita ce malaman ƙasar nan suka zauna akai a 2008, lokacin da wani saurayi Musulmi makaho a Leicester ya samu kare daga Guide Dogs yana son ya dinga zuwa jam'i shi kaɗai. Ƙungiyar ta haɗa kai da Majalisar Musulmin Birtaniya, aka kai maganar gaban majalisar malaman shari'a suka ba da fatawa cewa ya halatta, masallacin ya gina wa karen ɗan wajen kwanciya a kusa da inda ake ajiye takalma, ya jira a nan, mai shi ya shiga sahu. Ba'a shigar da shi inda ake sallah ba, ba'a kuma kori yaron ba. In masallaci ya samo wa kare wajen kwanciya, Toyota ɗin ka ta fi masallaci tsarki ne?

Mu da muka fito daga inda muka fito ya kamata mu fi kowa gane darajar wannan abin. Mun san ɗan jagora. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas riƙe da kan sanda, uban ko kakan na riƙe da ɗaya kan, daga safe har dare a cikin rana tsakanin motoci, sa'anninsa na makaranta shi yana titi, haka zai girma. Ba ina cewa a kwashi karnuka a kai Kano ko Zinder bane, titunan mu da kwatocin mu da 'yan adaidaita ba za su bar karen ya yi aiki ba, kuma makafin mu abin da suka fi buƙata yanzu makaranta ce da sana'a da hanyar ƙafa da ba rami. Amma in ka zo ƙasar da aka samo hanyar da makaho zai fita ba tare da an cire wani yaro daga aji ba, har wani makaho David Blunkett ya riƙe ministan cikin gida daga 2001 zuwa 2004 yana shiga majalisa da karensa, bai kamata kai ka zama ramin da ke kan hanyar ba.

Wanda duk wannan bai ratsa shi ba, to ga doka. Dokar daidaito ta 2010 ta ce direban tasi ko na minikab da ya ƙi ɗaukar mai irin wannan karen ya aikata laifi, laifin da ake kai mutum kotu, tara har fam 1,000, ga kuɗin shari'a, sannan kansul ɗin, wato ƙaramar hukumar da ta baka lasisi (ko TfL, hukumar sufurin Landan, ga 'yan Landan) tana iya dakatar da shi ko ta ƙwace gaba ɗaya. Laifi ne kuma a doka ka ƙara masa ko kwabo sabida karen, ba wani kuɗin shara ko na wanki. Ofishin da ya ƙi karɓar aikin shi ma ya yi laifi. A 2022 an ƙara wata dokar da ta faɗaɗa haƙƙin naƙasassu a motocin haya gaba ɗaya. Addini baya cikin uzurin da doka ta sani, tsoro ma baya ciki. Uzuri ɗaya ne, na rashin lafiya, in kana da asma mai tsanani ko jikin ka baya jituwa da gashin kare da gaske, ka je wajen likita, ka kai wa kansul takarda su baka shedar keɓewa ka liƙa a mota. Kafin ranar ake yin wannan, ba sai kana gaban fasinja zaka fara tarin ƙarya ba. Kuma masu ganin kansel ɗin waya ya rufa musu asiri, wayar nan ta rubuta inda ka kai da minti nawa ka yi da lokacin da ka juya, wasu kansul ɗin ma da gangan suke turo mai kare don su gwada direbobi. Ka bar gida ka zo nan kana kwana a mota don kuɗin makarantar yara da na cefanen tsofaffi, sai ka zubar da lasisin akan abin da mazhabar ka ma bata ce ka yi ba?

Kuma ku lura ba makafi kaɗai bane. Akwai Hearing Dogs masu horar da karnuka domin kurame, karen zai taɓa mai shi in ƙararrawar gobara ta tashi ko an buga ƙofa. Akwai Canine Partners da Dogs for Good, nasu suna buɗe ƙofa, su ɗauko abin da ya faɗi, su ciro kaya daga injin wanki wa wanda ke kan keken guragu. Akwai masu jin alamar farfaɗiya kafin ta kada mutum, akwai na Medical Detection Dogs da ke shinshino sugan mutum ya sauka tun shi bai ji ba. Don haka zaka iya ganin mutum garau da idonsa da ƙafarsa da kare mai riga, kar kace ai wannan lafiyarsa ƙalau. In ka ga ɗamara mai ja da fari, mai ita baya gani kuma baya ji sosai, ka sauko ka je kusa da shi, hon ba zai yi ba.

A aikace abin bashi da wuya ko kaɗan. Ka ajiye tsohon zani ko bargo a but. In ka iso ka sauko, ka yi wa mutumin magana ka faɗi sunan ka da cewa kai ne direban, ka gaya masa ta ina motar ta fuskanta, ka tambaye shi gaba yake so ko baya, shi ya san yadda suke zama. Yawanci zai cire wa karen ɗamara, ka tura kujera don a samu fili, karen zai shiga ya naɗe a wajen sa ƙafa ya ɗora haɓa akan takalmin mai shi, shikenan ba zaka sake jin motsinsa ba har ku isa, wani ma barci yake yi. In kana jin tsoro ka faɗa ba kunya, kace masa ka taso a inda karnuka ke cizo, za su gane, za su zauna a baya ta ɓangaren da ba naka ba. Kar ka yi masa fito, kar ka shafa shi, kar ka miƙa masa biskit, yana bakin aiki ne. In kun isa ka gaya wa mutumin ta wane gefe zai fita da abin da ke gabansa. Gashi kaɗan zai iya zuba, ka kaɗe zanin, minti biyu ne.

Roƙo na ga shugabannin ƙungiyoyin mu na Hausawa a kowane gari, da malaman da ke mana karatu a ƙarshen mako, biyu ne. Malamai dan Allah ku ware zama ɗaya ku karanta mana babin tsarki akan wannan mas'alar, da littafi a hannu, don in daga bakin ku ta fito ta fi shiga akan daga bakin direba irina. Shugabanni kuma ku rubuta wa Guide Dogs ku gayyace su taron mu, suna da masu zuwa su yi bayani, su zo da kare ɗaya a tsaya a filin fakin, wanda bai taɓa tsayawa kusa da irinsa ba ya tsaya, a buɗe mota a nuna yadda yake shiga da yadda yake kwanciya, a yi tambayoyi. In motar gwaji ake nema ga tawa nan. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure a maganar fiƙihun ya kawo nassi da shafi mu duba tare, ina nan a zaman shayi kaman kullum.

Wassalam.

Ɗan uwanku a sana'a,
wani direban minikab daga Birmingham